Tsohuwa Ta Riga Mu Isa

Litinin, 4 ga Satumba, ƙarfe 4 na yamma

Yau aka tafi da Tsohuwa.

Haka muke kiran ɗan ɗakinmu mai taya, wanda muke ɗaurawa a bayan mota mu ja shi daga nan Kamnik har bakin teku a Istra, duk shekara in zafi ya shigo. Shekara talatin da ɗaya ke nan. Wani mai kiwon ƙudan zuma daga wajen Ribnica ya saye ta, Metod sunansa, mutum mai kunya da manyan hannuwa. Wai zai kafa ta a bakin daji ya riƙa kwana a ciki lokacin fure.

Na bar masa labulayen. Ni na ɗinka su da ragowar yadi ruwan ɗorawa daga masana'antar riguna inda na yi aiki, shekarar da 'yarmu Tadeja ta shiga firamare. Ba za su yi wa tagogin sabuwar da muke jira ba, na auna.

Maigidana Ludvik ya taya shi ɗaura ƙugiya, ya duba ta har sau uku. Ya ce masa, "Ba ta son gaggawa a kwana. Ka lallaɓa ta kamar surukarka." Metod ya yi dariya, ya ba mu kwalbar zuma. Da suka ɓace a ƙarshen layi, Ludvik ya juyo ya tambaye ni ƙarfe nawa mutumin zai dawo da ita.

Na ce wasa yake yi. Ya ce i, wasa yake yi.

Laraba, 6 ga Satumba, ƙarfe 5:30 na yamma

Sabuwar ta iso. Mota ce guda, sitiyari a gaba, gado da kicin da ɗan banɗaki a baya, ba ɗauri ba kwancewa. Ta hannu ce, amma fara fat, kamar ba a taɓa kwana a cikinta ba. Tadeja ce ta nemo ta, ita ta tuƙo ta daga Ljubljana.

"Mama, wannan ko ke za ki iya tuƙa ta," in ji ta. "Ba jela, ba wahalar ribas." Ni take kallo da ta faɗa, ba ta kalli babanta ba.

Shekara talatin da takwas Ludvik yana tuƙa manyan motoci zuwa Jamus da Turkiyya, ko madubi bai taɓa gogewa ba. Abin da ya faru a watan Yuni, da ya kwance ƙugiya a kan gangara ya tsaya yana tambayata ta ina ake mayar da ita, Tsohuwa kuwa tana ja da baya ita kaɗai har ta daki katanga, gajiya ce. Kowa yana gajiya.

Ya zagaya sabuwar sau biyu hannuwansa a baya. Ya ce ta yi kama da motar asibiti, ya tambaya wa za a ɗauka. Dariyar Tadeja ta fi maganar yawa.

Lahadi, 10 ga Satumba, ƙarfe 11 na safe

Na yi koyon tuƙi a filin ajiye motoci na babban kanti, tunda yau a rufe yake. Ludvik yana kujerar gefe yana taka birkin da babu shi. Na sha kwana sau takwas ban taɓa komai ba. Ya ce ban yi laifi ba, ga mai ɗinka maɓalli.

Ambulan ɗin da likita ta ba mu ranar Juma'a bayan ta duba Ludvik, na sa shi a ƙarƙashin tiren cokula, cikin sabuwar motar. In mun dawo daga teku zan buɗe. Makullin ƙaramar motarmu kuma yana cikin gwangwanin zarena. Ba ɓoyewa na yi ba, ajiya ce.

Talata, 12 ga Satumba, ƙarfe 7:20 na safe

Ba ya gida. Ƙaramar motar ma ba ta nan. Makulli yana cikin gwangwani, na duba.

Ƙarfe 11

Na je gidan burodi, na je maƙabarta wurin kabarin ƙaninsa, na je tashar jirgi. Ya bar wayarsa a kan firji.

Ƙarfe 3

Tadeja ta kira. Na ce yana barci.

Ƙarfe 6:40 na yamma

Ya dawo. Ya shigo yana fito, da burodi a hammata, ya ce layi ne ya yi tsawo. Ban ga fuskarsa a sake haka ba tun bara. Ya cinye miyar wake da kabeji kwano biyu.

Da ya shiga wanka na ɗauki takalmansa zan ajiye. Jar ƙasa ce maƙale a ƙarƙashinsu. Ƙasarmu a nan baƙa ce. Na fita na duba motar, na ga an shafa wa kan ƙugiya sabon giris.

Na wanke takalman. Ba komai.

Asabar, 16 ga Satumba, ƙarfe 5 na yamma

Mun iso sansanin hutu. Awa uku da rabi, ni ce a sitiyari tun daga ƙofar gida. Tun da aka cire shingen kan iyaka ba ka ma sanin ka shiga wata ƙasa, sai dai ka ga zaitun. Wuyana ya ƙage.

Livio mai kula da sansanin ya fito daga rumfarsa kamar kullum, da hularsa ta masunta. Shekara ashirin da wani abu da saninmu. Ya gaishe ni, ya kalli motar, ya kalli Ludvik, ya sake kallona. Na ce a ba mu filinmu, lamba 41. Ya sosa ƙeya ya ce ai 41 da kaya a ciki.

"A tsakiyar Satumba?" na ce. "Wa ya rasa wuri duk faɗin nan sai namu?"

Ya buɗe baki, sai wayar rumfar ta yi ƙara, ya ce mu ɗauki 58 tukuna, can sama kusa da famfo.

Bayan mun jona wuta muka gangara mu ga ruwa. Daga kwanar hanya na hango labule ruwan ɗorawa.

Ita ce. Ga lotsawar da katanga ta yi mata a kusurwar hagu. Tana tsakanin itatuwan zaitun biyun nan, ƙofa tana fuskantar teku, ƙafafunta huɗu a ƙasa, daidai inda muke kafa ta duk shekara. Ban san tsawon lokacin da na yi a tsaye ba.

Ludvik ya ce, "Ta riga mu." Ya ci gaba da tafiya bakin ruwa.

Lahadi, 17 ga Satumba, ƙarfe 10 na safe

Na kira Metod. Ya yi mamakin tambayar. Ya ce ai maigidana ne ya zo masa ranar Talata da sassafe, ya ce matarsa ta daina cin abinci tun da aka tafi da ɗakin. Suka daidaita tsakaninsu, ya mayar masa. Ya tambaye ni ko na ji sauƙi. Na ce na ji sauƙi, na gode.

Daga nan na je wurin Livio. Ya zuba mini kofi bai tambaye ni ba. Ya ce da tsakar rana Ludvik ya iso ranar Talatar, shi kaɗai a gaba. Ya shigar da ita tsakanin zaitun ɗin da ribas, bugu ɗaya, ko leƙowa bai yi ba. Ya ɗora kofin ruwa a tebur ya daidaita ƙafafunta har ruwan ya tsaya cak.

"Na ce masa ina Madam Zdenka, in gaishe ta. Ya ce kina ciki kin kwanta, hanya ta gajiyar da ke, kada in ƙwanƙwasa." Livio ya juya kofinsa a hannu. "Sai na rage murya. Har ya tafi ina zaton kina ciki."

Na ce ai ka san Ludvik da wasa. Ya ce ya sani.

Talata, 19 ga Satumba, ƙarfe 1 na rana

Firjin sabuwar yana sanyi sosai. Ruwan zafi yana zuwa da an murɗa. Babu abin da mutum zai ce.

Laraba, 20 ga Satumba, ƙarfe 9 na safe

Kwana uku ke nan yana tashi ƙarfe bakwai, ya yi aski, ya sa rigarsa mai aljihu biyu, ya gangara 41. Makullin Tsohuwa yana wuyansa a igiya. Ba ya dawowa sai azahar. Na tambaye shi me yake yi a can, ya ce 'yan gyare-gyare.

Ni ban shiga ba. Ba wani dalili, gangaren ne ke damun gwiwata.

Juma'a, 22 ga Satumba, ƙarfe 2:15 na rana

Ina soya kifi ya shigo. Ya tsaya a bakin ƙofa ya cire hula, ya goge ƙafa sau biyu. Ya ce, "Sannu da aiki, baiwar Allah. Ko kina da ɗan gishiri ki sammana? Namu ya ƙare."

Na jira ya yi dariya.

Na zuba masa a takarda na naɗe. Ya yi godiya, ya ce motata tana da kyau, ya tambaya ko ni kaɗai nake tuƙa ta. Na ce ni kaɗai. Ya ce mata na yanzu sai a bar su.

Da yamma ya dawo ya ci kifin, ya kwanta a gadon nan, ya yi mini sai da safe. Bai kira sunana ba. Ina ta lissafi, rabon da ya kira sunana tun muna gida.

Asabar, 23 ga Satumba, ƙarfe 6 na yamma

Tadeja ta kira. Lafiya lau muke. Ruwa bai yi sanyi ba tukuna, Baba yana cin abinci, motar ba ta ba ni matsala.

Litinin, 25 ga Satumba, ƙarfe 10:30 na safe

Jamusawan da ke 55 sun tafi jiya, 'yan Cek masu karnuka biyu sun bi su yau. An rufe shagon sansanin. Daga nan zuwa ruwa sai filaye wayam da tabon ciyawa inda aka kafa rumfuna.

Na bi Ludvik. Na tsaya bayan zaitun ɗin dama, inda muke ɗaura igiyar shanya. Taga a ɗage take kaɗan, labule a sake. Ina jin ƙamshin kofi da ƙarar cokali. Yana ba da labarin ranar da motarsa ta mutu a dusar ƙanƙara kusa da garin Niš, labarin da na ji ya fi sau ɗari. Ya zo wurin da ɗan sanda ya ba shi safarsa, inda kullum nake cewa ƙarya ne, sai ya yi shiru. Shirun ya kai tsawon maganata. Sannan ya ce, "Na rantse, safarsa ya ba ni." Ya yi dariya.

Ban ji muryar kowa ba sai tasa. Ina so in rubuta wannan a fili. Ban ji muryar kowa ba.

Talata, 26 ga Satumba, ƙarfe 4 na yamma

Na ɗaga tiren cokula na mayar.

Alhamis, 28 ga Satumba, ƙarfe 12 na rana

An ɗaura igiya a zaitun ɗin. Akwai kayan iyo na mace a shanye, shuɗi mai ɗigon fari, ruwa yana ɗiga daga jikinsa.

Na san shi. A birnin Trst na saye shi kafin Tadeja ta gama firamare. Ina da tabbacin na jefar da shi tuntuni, amma akwai akwatin da ke ƙarƙashin kujera wanda ba na jin na zazzage shi kafin Metod ya zo. Wataƙila can ya samo shi. Wataƙila wankewa ya yi. Na taɓa shi na sa yatsa a baki, gishiri ne.

Yanzu ko ƙafata ɗaya ba za ta shiga cikinsa ba.

Juma'a, 29 ga Satumba, ƙarfe 3 na rana

Livio ya kawo ɓaure a hularsa. Ya zauna a matakalar mota, ya yi zancen iska, ya yi zancen zaitun ɗin bana, sannan ya ce ranar 8 ga Oktoba zai kashe ruwa da wuta ya sa kwaɗo a ƙofa. Ya tambaya yadda za a yi da Tsohuwa.

Na ce muna shawara.

"Madam Zdenka," ya ce, "mahaifiyata shekara huɗu tana kirana da sunan wanta. Ina amsawa." Ya miƙe ya kakkaɓe hula. "Ki kira 'yarki."

Na ce masa ɓauren sun nuna sosai.

Asabar, 30 ga Satumba, ƙarfe 6 na yamma

Tadeja ta kira. Lafiya lau muke.

Litinin, 2 ga Oktoba, ƙarfe 1:30 na rana

Yau da ya zo ya zauna a teburina kamar baƙo, gwiwoyi a haɗe. Ya ce yana so in san matarsa, za mu shaku, ita ma ba ta da yawan magana. Na tambaye shi yaya take. Ya ce gashinta baƙi ne har gadon baya, tana ɗinki, kuma in ta shiga ruwa sai ta wuce jan tulun nan da ke alamar iyaka, duk ihun da zai yi ba ta juyowa. Ya ce da shi take yi, don ta san bai iya iyo ba.

Gaskiya ne. Da shi nake yi.

Na ce ka gaishe ta. Ya ce za ta ji.

Da na je wanke kwanuka a famfo na kalli madubin wurin. Tsohuwa ce mai gajeren farin gashi da tabarau. Ni ma da na gamu da ita a hanya, ban san ko zan tsaya ba.

Laraba, 4 ga Oktoba, ƙarfe 2 na rana

Zan rubuta tun ban fara gyara labarin ba.

An tashi da hazo, ba a ganin ko famfo. Ya fita ƙarfe bakwai kamar kullum. Wajen tara na ji ana kiran sunana daga ƙasa, can nesa, a ja shi a sake ja. Kwana nawa ina jiran wannan sunan. Na fita da silifas.

Ƙofar Tsohuwa a buɗe, igiyar shanya ba komai. Muryar daga ruwa take fitowa. Na gangara kan duwatsu na hango shi, da rigarsa da wandonsa, ruwa ya kai masa ƙugu, ya ba ni baya yana kira. Teku shiru kamar an zuba mai. Bayan taku biyar ko shida daga inda yake ƙasar tana yankewa, kowa a sansanin nan ya san haka.

Na ce, "Ludvik, ga ni nan."

Ya waiwayo. Ya ce, "Baiwar Allah, taimaka ki kira mutane. Matata ta shiga tun ɗazu ba ta fito ba." Ya juya ya ƙara taku ɗaya.

Na ce ni ce. Na faɗi sunana, na faɗi sunan Tadeja, na faɗi ranar aurenmu. Ya ɗaga mini hannu kamar mai korar ƙuda. Ruwa ya kai ƙirjinsa. Na duba rumfar Livio, ko alamarta babu a hazon. In na shiga in ja shi, ya fi ni ƙarfi, mu biyu za mu tafi.

Ban san wa ya ba ni dabarar ba. Na hau duwatsun da gudu, silifas ɗaya ya tsinke, na faɗa cikin Tsohuwa. Na durƙusa a kan kujera, na tura tagar da ke kallon ruwa, na bar labulen a fuskata. Na yi kira da irin muryar da nake yi shekara talatin, ta mai fushi.

"Ludvik! Kofi yana hucewa. Sai na zo na ɗauko ka?"

Sai na ji motsin ruwa.

Ya shigo yana ɗiga, leɓɓansa sun yi shuɗi. Ya kalle ni, ni ɗin nan, da farin gashina da tabarau da ƙafa ɗaya ba takalmi. Ya ce, "Zdenka, ta ina kika fito? Kin kusa kashe ni." Na ce ta bayan duwatsu na zagayo. Ya ce wata rana sai ya ɗaure ni a zaitun ɗin nan.

Na cire masa kaya, na naɗe shi a bargo, na kunna gas. Ya riƙe hannuna har barci ya ɗauke shi. Yanzu haka yana nan a gefena.

Komai na ciki yana inda nake ajiye shi. Gishiri a hagu, ashana a gwangwanin shayi. A tebur kofi biyu ne, an shanye duka biyun. A bakin ɗaya akwai janbaki, irin mai duhun nan da na daina shafawa tun ina aiki. Mai yiwuwa akwai guntunsa a wani aljihun tebur. Ban duba ba. Na wanke kofin.

Alhamis, 5 ga Oktoba, ƙarfe 8 na safe

A nan muka kwana. Katifar ta lotsa, rufin yana ɗiga a kusurwa. Sau goma sha ɗaya ya kira sunana daga jiya zuwa yanzu.

Ƙarfe 11

Na gwada. Na ce ya raka ni sama in ɗauko magani. Har famfo yana riƙe da hannuna yana zancen Livio. Na shiga farar motar na juyo, sai na ga ya cire hula.

Na ɗauko ambulan ɗin na karanta a banɗaki. Shafi biyu ne. Babu abin da ban sani ba a ciki.

Juma'a, 6 ga Oktoba, ƙarfe 5 na yamma

Ni na kira Tadeja. Na ce ta zauna. Na fara daga ranar Talatar nan, ban tsallake komai ba sai kayan iyo da kofin.

Ta yi kuka, ta yi faɗa, ta ce yanzu za ta kamo hanya. Ta ce da ya kashe wani a kan titi fa, kilomita ɗari huɗu, rabinsu da ɗaki a bayansa. Na ce na sani. Ta ce laifinta ne da ta matsa a sayar. Na ce ni na sa hannu. Na ce kada ta zo, ta je gida ta buɗe mana babbar ƙofa ranar Lahadi, ta kwashe tukwanen fure daga tsakar gida, ta tafi da ƙaramar motar da duk makullanta.

"Mama, ba za ku zauna a cikin wannan abin ba da sanyin Kamnik."

Na ce akwai hita.

"Har yaushe?"

Na ce ta gaishe da yara.

Asabar, 7 ga Oktoba, ƙarfe 3:30 na rana

Livio ya kwanta a ƙasa ya leƙa bayan farar motar, ya ce mai ita na farko ya sa mata ƙugiya, da alama jirgin ruwa yake ja. Ya ce Tsohuwa ba ta da nauyi, lasisina ya isa. Muka tura ta mu biyu muka ɗaura. Ludvik ya tsaya a gefe yana ba Livio umarni, kuma duk abin da ya faɗa daidai ne.

Awa biyu ina koyon ribas a filin ƙwallo. In na murɗa dama ta yi hagu. Livio ya ce an saya mini mota don in huta da jela, ga shi na samu jelar da ta fi ta kowa tsawo a Istra. Na yi dariya har da hawaye, ya juya yana duba taya har na gama.

Ludvik ya so ya zauna a cikin Tsohuwa gobe in muna tafiya. Livio ya ce doka ta hana, za a kama direba. Ya ce to, ba ya so ya ja wa baiwar Allah matsala.

Lahadi, 8 ga Oktoba, ƙarfe 12:40 na rana

Muna wurin hutawar matafiya, an wuce rabin hanya. Ana yayyafi. Ba kowa sai wata babbar mota can ƙarshe da labulenta a rufe.

Tun da muka taso yana zaune a gefena hularsa a gwiwa. Ya yaba tuƙina sau biyu. Da na tsaya ya nemi izini, ya sauka, ya buɗe Tsohuwa ya shiga. Na ƙirga sittin na bi shi.

"Ina kika tsaya?" ya ce. "Zauna, na ɗora ruwa."

Muka ci burodi da cuku da sauran ɓauren Livio. Ya zuba kofi biyu, sai ya tsaya da butar a hannu. Ya ce matar nan da ke tuƙa mu tun safe ko ruwa ba ta sha ba, kuma ga alama ba ta da kowa, bai kamata mu ci mu bar ta ba. Ya ɗauko kofi na uku ya cika, ya sa sukari biyu, ya ce in kai mata, ni ce mace.

Na kawo. Ina kujerar direba, kofin yana kan cinyata, na sha rabi. Sukarin ya yi yawa.

A madubin gefe ina ganin tagar gaba ta Tsohuwa. Labule a sake yake, amma ya kunna fitila, ina ganin inuwarsa. Yana magana, yana nuni da cokali. Yanzu ya yi shiru ya karkata kai. Yanzu yana dariya.

Saura kilomita tamanin, kuma ina so mu isa da sauran haske saboda ribas ɗin ƙofar gida. Zan ba su minti biyar.